Ciwon Ƙoda Ba Ya Sallama: Me Ya Sa Muke Gano Shi A Makare?

Da wuya a yi mako guda mutum bai ci karo da irin wannan sanarwa a Facebook ko a zaurukan WhatsApp ba: hoton wani bawan Allah a gadon asibiti, fuska da ƙafafu sun kumbura, a ƙasa an rubuta cewa ƙodojinsa duka biyu sun daina aiki, ana neman miliyoyin naira don wankin ƙoda ko dashe, sai lambar asusun banki. Wani lokacin magidanci ne mai iyali da yawa, wani lokacin matashi ne da bai rufe shekara 30 ba, ko mai jego da ko suna ba a yi ba. Jama'a suna bayar da abin da ya sawwaƙa, Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba a ƙarƙashin waɗannan hotuna: yaushe ciwon ya fara? Dangi za su ce wata biyu ke nan da ya kwanta. Likitan ƙoda kuwa, da zarar ya duba hoton ciki ya ga ƙodojin sun tsuke sun ƙanƙance, ya san an yi shekaru ana wannan ɓarna a ɓoye. A cikin waɗancan shekaru da babu wanda ya lura da su ne ake iya ceton ƙoda da kuɗi kaɗan, kuma su ne muka fi sakaci da su, mu da gwamnatocinmu baki ɗaya.

Ƙoda biyu Allah Ya yi wa mutum, suna can ta baya ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowace ba ta wuce girman dunƙulen hannun mai ita ba. A cikin kowace ɗaya akwai ƙananan matatai kimanin miliyan 1. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa ta cikinsu yake bi. A kwana ɗaya suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su bar lita 1 zuwa 2 ya fita a matsayin fitsari ɗauke da dattin da jiki ba ya bukata. Duk macen da ta taɓa tankaɗe ta san cewa idan rariya ta yage, tsaki yana bin gari. Haka matatan ƙoda suke: idan suka fara lalacewa, furotin, wato sinadarin gina jiki da ya kamata ya zauna cikin jini, sai ya fara zuba cikin fitsari. Wannan yoyon yana cikin alamomin farko-farko na ciwon, yana iya shekaru mai shi bai ji komai ba, kuma wani ɗan tsinken gwaji da ake tsomawa cikin fitsari yana nuna shi cikin minti ɗaya.

Aikin ƙoda bai tsaya ga tacewa ba. Ita ce ke daidaita yawan gishiri da ruwa a jiki, ita ce ke riƙe da linzamin bugun jini, ita ce ke aika saƙo ga ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kuma tana da hannu wajen ƙarfin ƙashi. Shi ya sa idan ta gaza, alamomin suke zuwa a warwatse: kasala, ƙarancin jini, rashin cin abinci, tashin zuciya da safe, ƙaiƙayin jiki, shaƙuwa mai naci, kumburin fuska idan an tashi daga barci, kumburin ƙafa da yamma, fitsari mai kumfa da ba ta bajewa, yawan tashi fitsari cikin dare. Kowace ɗaya daga cikinsu muna da sunan da muke ba ta. Wannan a ce taifot, waccan a ce gyambon ciki, wata a ce shawara ko basir, kumburi kuma a ce sammu ko an taka wani abu. Ana haka watanni suke shuɗewa ana maganin abin da ba shi ke damun mutum ba.

Dalilin shirun ƙoda shi ne tana da rara mai yawa. Mutum yana iya rayuwa lafiya ƙalau da ƙoda ɗaya, shi ya sa ma ake iya ba da kyautar ɗaya. Wannan rahama ce, amma tana nufin fiye da rabin ƙarfin tacewar zai iya tafiya ba tare da ko ciwon kai ba. Matatar da ta mutu ba ta dawowa. Waɗanda suka rage su ne ke ɗaukar aikin waɗanda suka tafi, nauyin ya yi musu yawa, su ma su bi baya. Saboda haka ne ciwon, idan ya kai wani mataki, yake ci gaba da kansa ko da abin da ya haddasa shi ya gushe.

A nan ya kamata a warware wata fahimta da ta yi kaka-gida a tsakaninmu. Da yawa suna ɗauka ciwon baya shi ne alamar ciwon ƙoda, wanda bayansa ba ya ciwo kuma ya tsira. Mafi yawan ciwon baya daga tsoka da ƙashin gadon baya yake, musamman ga manomi, da mai ɗaukar kaya, da mai wuni a kan babur. Ƙoda takan yi zafi ne idan tsakuwa ta toshe hanyar fitsari ko ƙwayar cuta ta hau ta da zazzaɓi. Ciwon da ke cinye ta a hankali, wanda shi ne ke kai yawancin mutane ga injin wanki, ba ya zafi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, mai ciwon bayan nan kemis yake nufa, a haɗa masa diklofenak da ibufurofen da makamantansu, ya riƙa sha kullum dare don ya iya fita aiki gobe. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke isa ga matatan ƙoda, kuma haɗarinsu yana ninkuwa ga wanda ya wuni a rana ya yi gumi bai sha isasshen ruwa ba, ko mai hawan jini, ko dattijo. Ta haka ciwon bayan da ba shi da alaƙa da ƙoda yake zama sanadin lalacewarta.

Gazawar ƙoda iri biyu ce, kuma bambancinsu yana da muhimmanci ga iyalin da ke tsaye a bakin ɗakin marar lafiya. Akwai ta farat ɗaya, wadda ke faruwa cikin sa'o'i ko kwanaki: amai da gudawa da suka ƙarar da ruwan jiki, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, zubar jini wajen haihuwa, jijjigar masu ciki, saran kububuwa, ko guba. Wannan nau'in sau da yawa yana warkewa idan an kai mutum asibiti da wuri. Wani ƙarin ruwa kawai yake bukata, wani kuma wanki sau biyu ko uku ya riƙe shi har ƙodar ta farfaɗo. Don haka kuskure ne babba a ji likita ya ambaci wankin ƙoda a ce ai shi ke nan, a ɗauke marar lafiya a koma gida. A tambayi likitan wane iri ne. Yaron da ke gudawa ya wuni bai yi fitsari ba, ko mai jegon da fitsarinta ya ɗauke bayan ta zubar da jini, ba a jira wayewar gari da su.

Mun ga yadda guba ke yin wannan aika-aika. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 suka rasu a Najeriya bayan an ba su maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka gano an gurɓata shi da wani sinadarin masana'antu mai kashe ƙoda. A 2022 irin wannan sinadari a cikin ruwan maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya ya kashe yara kimanin 70 a Gambiya. Iyayen waɗannan yara ba su yi laifin komai ba, magani suka saya wa 'ya'yansu. Wannan nauyi ne na hukumomin da ke sa ido kan magunguna, kuma dalili ne na guje wa duk maganin da ba a san inda ya fito ba, komai arharsa.

Nau'i na biyu shi ne mai tafiyar hawainiya, wanda likitoci ke tabbatar da shi idan alamar lalacewa ta wuce wata uku. Ana auna wani datti a jini mai suna kiriyatinin, a haɗa da shekarun mutum da jinsinsa a fitar da lambar da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Matashi mai lafiya lambarsa tana kai 90 ko fiye. Idan ta zauna ƙasa da 60, akwai ciwo. Idan ta faɗi ƙasa da 15, an kai mataki na biyar, wato na ƙarshe, inda ake fara maganar wanki ko dashe. Ƙungiyoyin likitocin ƙoda na duniya sun ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 850 ne ke ɗauke da wani nau'i na ciwon ƙoda, wato sama da mutum ɗaya cikin goma, kuma mafi yawansu ba su sani ba.

Idan aka zo kan musabbabi, hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba, sai kumburin matatan ƙodar su kansu. Hawan jini ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi da ƙoda kowane yana rura wutar ɗan'uwansa: jini ya hau ya lalata ƙananan jijiyoyin ƙoda, ƙodar da ta lalace ta riƙe gishiri da ruwa ta ƙara hawan jinin. Matsalarmu da hawan jini ba ta rashin sanin sunansa ba ce, kowa ya san shi. Matsalar ita ce yadda muke shan maganinsa. A sha na mako biyu, a je awo a ce jinin ya sauka, sai a ajiye. Wani ya ce sai ransa ya ɓaci ko kansa ya yi ciwo yake sha. Wani kuma an tsorata shi cewa maganin Bature idan an daɗe ana sha shi ne ke kashe ƙoda. Gaskiyar ita ce jinin ya sauka ne domin maganin yana aiki, ranar da aka daina kuma zai koma inda yake, ya ci gaba da cin ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa ba tare da mai shi ya ji ba. Wasu daga cikin magungunan hawan jinin ma, irin su lisinofiril da losatan, likitoci suna zaɓarsu ne musamman domin suna rage yoyon furotin, suna jinkirta lalacewar ƙoda. Daga 2020 kuma bincike ya tabbatar da cewa wani rukunin maganin suga, wanda dafagiliflozin ke cikinsa, yana kare ƙoda har ga waɗanda ba su da ciwon suga. Duk waɗannan sai da umarnin likita da awon jini, amma suna nan, kuma kuɗinsu bai kai na wanki ba.

Gishiri na da hannu dumu-dumu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Tukunyar miyarmu ta yau tana shan gishiri, ta sha dunƙule huɗu ko biyar, a ƙara garin ɗanɗano, a jefa kanwa, sannan a kawo yaji a gefe wanda shi ma da dunƙule aka daka shi. Kanwa kanta dangin gishiri ce a wajen jiki, abin da ya kamata masu jego da ke shan kunun kanwa su sani, musamman wadda jininta ya hau lokacin goyon ciki. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano ba tare da wannan lodi ba, kuma harshe yana sabawa cikin 'yan makonni idan aka rage a hankali.

Akwai kuma abin da muka gada. A 2010 masu bincike suka gano wasu sauye-sauye a wata ƙwayar halitta mai suna APOL1, waɗanda suka yawaita a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma da zuriyarsu a Amurka. Sauye-sauyen sun bazu ne domin suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma wanda ya gaje su daga uwa da uba yana cikin haɗarin ciwon ƙoda fiye da sauran mutane. Wani babban bincike da aka yi a Najeriya da Ghana, aka wallafa a 2024, ya tabbatar da hakan a tsakanin mutanenmu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙoda ke gazawa a nan tun mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, alhali a Turai yawanci ciwon tsofaffi ne. A kan wannan sai a ɗora sikila, da ciwon hanta, da cuta mai karya garkuwar jiki, da ƙazwa ko ciwon maƙogwaro da kan bar yaro da kumburin fuska da fitsari mai launin shayi bayan makonni, da toshewar fitsari ga dattawa maza. Sai tsargiya, wadda a wasu garuruwan bakin fadama da madatsun ruwa ake ɗauka fitsarin jini ga yaro namiji alamar girma ce. Tsutsa ce ke shiga ta fata lokacin wanka ko kamun kifi, tana iya toshe hanyoyin fitsari ta kumbura ƙoda bayan shekaru, alhali maganinta ƙwayoyi ne da ake sha a rana guda, ana ma raba su kyauta a makarantu.

Maganar maganin gargajiya tana bukatar adalci. Ba duk saiwa da sassaƙe ne guba ba, kuma magungunan asibiti da yawa daga tsirrai aka samo su. Abin tsoron shi ne jarkar da ba a san abin da ke cikinta ba, ba a san adadin da ya kamata a sha ba, ana tallarta da lasifika a tasha cewa tana wanke ƙoda, tana maganin basir da sanyi da ƙarfin maza a lokaci guda. A farkon shekarun 1990, mata sama da 100 a Beljiyam suka samu gazawar ƙoda bayan sun sha wani haɗin ganye na rage ƙiba. Aka gano cewa an saka wani tsiro mai ɗauke da sinadarin da ke ƙone ƙoda, yana kuma jawo sankarar hanyar fitsari. Duman dutse da ake sayar da saiwarsa a kasuwanninmu ɗan wannan dangin tsiro ne. Mai ciwon ƙoda kuwa, ko ganyen da ba ya cutar da mai lafiya yana iya cutar da shi, domin ba shi da matatar da za ta fitar da abin da ya yi yawa. Haka mayukan bilicin da ake zuba wa sinadarin makuri: ta fata yake shiga, ya taru a ƙoda, ya sa ta zubar da furotin. Haka allurar jentamisin da ake yi barkatai a shaguna da sunan maganin sanyi.

Duk wannan bayani bai isa ya fassara abin da ke faruwa a Gashuwa ba. Shekaru da dama ke nan mutanen ƙasar Bade da maƙwabtansu a arewacin Yobe, irin su Nguru da Jakusko, har zuwa yankin Haɗeja a Jigawa, suna binne 'yan'uwansu saboda ciwon ƙoda da yawan da ya wuce misali. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri sun daɗe da lura cewa kaso mai tsoka na masu zuwa wanki daga wannan yanki suke fitowa, kuma da yawansu ba su da ciwon suga ko wani sanannen dalili. Ana zargin ruwan sha da ƙarafa masu guba da ka iya kasancewa cikinsa, ana zargin magungunan feshi na gona da waɗanda ake zuba wa busasshen kifi don ƙwari, ana zargin tsananin zafi, amma har yanzu bincike bai tsayar da dalili guda ba. Gwamnatin Yobe ƙarƙashin Mai Mala Buni ta haɗa masu bincike daga Landan da cibiyar binciken kimiyyar lafiya ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu don bin diddigin lamarin, kuma wannan mataki ne da ya dace, muddin ba a bar shi ya mutu da sauyin gwamnati ba.

Ba mu kaɗai ne muka ga irin wannan ba. A Nikaragwa da El Salbado, dubban masu yankan rake sun mutu da ciwon ƙoda suna samari. A arewa ta tsakiyar Siri Lanka manoman shinkafa ne, haka a wani yanki na jihar Andhra Pradesh a Indiya. Abin da ya haɗa su shi ne talauci, da aikin ƙarfi cikin zafi, da noma. A Nikaragwa, da aka tilasta ba masu yankan rake hutu a inuwa lokaci-lokaci da isasshen ruwan sha, raunin ƙoda a tsakaninsu ya ragu ƙwarai. A ƙauyukan yankin Balkan na Turai kuwa, an kwatanta wani ciwon ƙoda tun shekarun 1950, amma sai bayan kusan shekara 50 aka tabbatar da cewa 'ya'yan wani ciyayi ne, ɗan dangin wancan tsiro da ya cutar da matan Beljiyam, ke gauraya da alkama lokacin girbi. Darasin da nake gani ga Gashuwa shi ne binciken zai iya ɗaukar lokaci, kuma bai kamata a naɗe hannu ana jiran sakamakonsa ba. Tsaftataccen ruwan sha, da hana zuba maganin ƙwari a kifi da wake, da awon fitsari da na jini ga jama'a gari-gari, ba sa bukatar a jira rahoton kowa.

Zafin ƙasarmu ya sa maganar ruwa ta zama dole. Manomi, da birkila, da ɗan acaɓa, da mai tura baro a watan Afrilu suna zubar da gumi lita-lita, kuma rashin mayar da shi yana takura ƙoda, yana kawo tsakuwa. Ma'auni mai sauƙi shi ne launin fitsari: idan ya yi ja ya yi kauri, ruwa ya yi kaɗan. Amma ɗirkar jarka guda da sunan wanke ƙoda ba ya gyara matatar da ta lalace, kuma wanda ƙodarsa ta riga ta gaza, yawan ruwa yana iya taruwa masa a huhu. Shi likita ne zai faɗa masa adadin da zai sha, ya kuma ja masa kunne kan ayaba da dabino da ruwan kwakwa da sauran abinci masu yawan fotasiyam, sinadarin da idan ya taru a jini yake iya tsayar da zuciya. Haka batun azumi: mai ciwon da ya yi nisa ya tambayi likitansa kafin Ramadan, domin Alƙur'ani da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, kuma karɓar rangwamen Allah ba raunin imani ba ne.

Yanzu a dubi lissafin wanki. Injin yana jan jini ya tace ya mayar, kimanin awa huɗu, sau uku a mako, har iya rayuwa ko har a yi dashe. Ba ya warkar da ƙoda, aikinta kawai yake riƙewa. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga kimanin naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na koyarwa na Maiduguri da cibiyar lafiya ta tarayya da ke Azare. Sauƙi ne na gaske ga wanda ya samu. Amma ko a farashin rangwamen, zama uku a mako ya kai kusan naira 150,000 a wata, ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ba a sa kuɗin mota daga ƙauye ba, ba a sa allurar ƙarin jini da sauran magunguna ba. Wani nazari da aka wallafa a 2017 ƙarƙashin jagorancin likitar ƙoda 'yar Kamaru, Gloria Ashuntantang, ya tattara rahotanni daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ya nuna cewa sama da kashi 80 cikin 100 na manyan da suka fara wanki sun daina. Kowa ya san yadda abin ke tafiya: a sayar da akuya, a sayar da babur, a jinginar da gona, a koma zama ɗaya a mako, sannan ɗaya a wata, sannan a koma gida. Iyali su rasa mutum, su kuma rasa abin da za su rayu da shi a bayansa.

Ba na cewa a daina sayen injinan wanki. Ana bukatarsu, musamman ga masu gazawar farat ɗaya da za su warke, da waɗanda ke jiran dashe. Abin da nake cewa shi ne gwamna ya fi son ya yanke kintinkirin sabuwar cibiyar wanki a babban birni, domin ana ɗaukar hotonta, alhali asibitin sha-ka-tafi na ƙauye ba shi da na'urar awon jini mai aiki, ba shi da tsinken gwajin fitsari, ba shi da maganin hawan jini da talaka zai samu kowane wata ba yankewa. Kuɗin da zai riƙe mutum ɗaya a kan inji shekara guda zai auna ɗaruruwan mutane ya kuma ba da yawa daga cikinsu magani. A watan Mayun 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙuduri na farko kan lafiyar ƙoda, kuma abin da ya fi jaddadawa ke nan: ganowa da wuri a matakin farko na kiwon lafiya. Mai hawan jini, da mai suga, da mai sikila, da macen da ta taɓa jijjiga ko hawan jinin ciki, da duk wanda ya haura shekara 40, ya kamata sau ɗaya a shekara a auna masa jini, a gwada fitsarinsa, a duba kiriyatinin. Idan likita bai rubuta ba, a roƙe shi ya rubuta, a kuma adana takardar sakamakon, domin kwatanta ta bana da ta bara shi ke nuna inda aka dosa.

Dashe shi ne mafi kusa da komawa rayuwa ta yau da kullum. An fara yin sa cikin nasara a birnin Boston na Amurka a 1954 tsakanin wasu tagwaye. A Najeriya asibitin St. Nicholas da ke Legas ya fara a 2000, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002, don haka ba dole sai an tafi Indiya ko Masar ba. Yana cin miliyoyi, kuma bayan aikin akwai magungunan hana jiki ƙin baƙuwar ƙoda da za a sha har abada. Wanda ya tara kuɗin aiki bai tanadi na maganin ba yana iya rasa ƙodar cikin watanni. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ba da kyautar gaɓa bisa sharuɗɗa, ta haramta sayar da ita, haka ma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki. Shari'ar tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa Ike Ekweremadu, wanda kotun Landan ta ɗaure shekara 9 da wata 8 a 2023 kan kai wani matashi ɗan talla daga Legas don a cire ƙodarsa a dasa wa 'yarsa, ta nuna inda matsuwa ke kai mai hali, da kuma wanda ke zama abin farauta. Matasan da dillalai ke ruɗa da kuɗi su sani cewa mai bayarwa na halal ana yi masa gwaje-gwaje masu yawa kafin a taɓa shi, ana kuma bibiyar lafiyarsa bayan aiki. Wanda ya sayar a ɓoye ba mai waiwayarsa.

Wajen waɗannan gwaje-gwaje ne likitoci kan gamu da wani abu mai sosa rai: ƙane ya zo da niyyar ba wansa ƙoda, a auna shi a tarar shi ma jininsa ya hau, ko furotin na zuba a fitsarinsa, bai taɓa sani ba. Hawan jini da suga da waccan ƙwayar halitta duk suna bin jini, ga tukunya ɗaya da rijiya ɗaya da aka taso a kansu. Saboda haka gidan da aka samu mai ciwon ƙoda, iyayensa da 'yan'uwansa na ciki ɗaya da manyan 'ya'yansa su je a auna su tun suna zaman jinya, a asibitin da suke kwana a barandarsa, kada su jira sai ranar da ake neman wanda zai bayar.